Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Dokokin Amurka: Wanda Ya Bayar Sau Ɗaya Bai Ce A Riƙa Ɗiba Ba

Masu girma sanatoci da 'yan Majalisar Wakilai,

Ina gaishe ku da girmamawa. Ni ɗan ƙasar nan ne, ina biyan haraji, ina jefa ƙuri'a, kuma ina cikin masu tura 'yar gudummawarsu ga ɗan takarar da ya kwanta musu a rai. Da Hausa na rubuto, domin ina so 'yan uwana mazauna Amurka su ji abin da nake faɗa muku, musamman iyayenmu da ƙananan rubutun da ake cusawa a ƙasan shafin intanet ke ba su wahala. Buƙatata ɗaya ce: ku yi doka ta tarayya da za ta hana a riƙa cirar kuɗi daga asusun mutum duk wata ko duk mako da sunan gudummawar siyasa, sai idan shi da hannunsa ya ce a yi hakan.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ina da kawu da ya shafe shekaru yana tuƙin tasi kafin ƙarfi ya gaza, yanzu kuɗin fansho yake lallaɓawa. Bayan ya samu takardar zama ɗan ƙasa, babu abin da yake alfahari da shi kamar ranar zaɓe. Wata rana saƙo ya shigo wayarsa daga kwamitin yaƙin neman zaɓen wani ɗan takara da yake so, ya danna, ya sa lambar katinsa, ya ba da dala 25. Ya ma kira ni da murna yana cewa shi ma yau ya sa hannu a harkar ƙasa. Bayan kusan wata biyu ya sake kirana, wannan karon muryarsa na rawa, wai ɓarayi sun shiga asusunsa. Na je na same shi zaune da takardar banki a gabansa, ya gyara tabarau, yana bin layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Dala 25, dala 25, dala 25, duk ranar mako ɗaya, har sau tara, ga kuma wata dala 50 a tsakiya da ba mu san daga ina ta faɗo ba. Kafin in iso ya riga ya kira banki sun toshe katin, abin da ya sa kuɗin wayarsa da na maganinsa, waɗanda ta wannan katin ake biya, suka maƙale.

Da na buɗe shafin da ya ba da kuɗin sai na ga abin da ya faru. Ƙasa da wurin da ake zaɓar adadi akwai ɗan akwati da aka riga aka sa wa alamar yarda. A kusa da shi manyan haruffa suna ta kirarin cewa ƙasa na cikin haɗari, can ƙasansu kuma wani siririn layi yana cewa za a maimaita wannan gudummawa kowane mako. Da na yi masa bayani ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce, "Ɗana, da sun roƙe ni kai tsaye, wataƙila da na ƙara musu. Amma su shiga aljihuna ina kallon wani wuri?" Mun samu an mayar masa da yawancin kuɗin bayan saƙonni da jira. Tun daga ranar bai sake ba wa kowane ɗan takara ko sisi ba, kuma duk wanda ya ce masa zai bayar, hana shi yake yi.

Kun san ba shi kaɗai ba ne, domin labarin ya fito fili tun watan Afrilun 2021, lokacin da jaridar New York Times ta wallafa bincikenta kan yadda kamfen ɗin Donald Trump da jam'iyyar Rifablikan suka tara kuɗi ta WinRed, dandalinsu na karɓar gudummawa ta intanet, a zaɓen 2020. Binciken ya bi sawun akwatin daga farkonsa. A watannin farko na shekarar, cirar wata-wata ce, kuma rubutun a bayyane yake. Sai aka ƙara akwati na biyu, shi ma da alamarsa a ciki, wanda ke ɗaukar wani ƙarin kuɗi a wata rana ta musamman. Da zaɓe ya matso, a watan Satumba, aka mayar da cirar ta mako-mako, aka kuma riƙa jibga layukan manyan haruffa a saman bayanin har ya nutse. Sakamakon yana cikin takardun da kwamitocin suka miƙa wa hukuma da kansu: a shekarar 2020, ɓangaren Trump ya mayar wa masu bayarwa ta intanet fiye da dala miliyan 122, wato kashi 10.7 cikin ɗari na abin da ya tara ta WinRed, yayin da ɓangaren Joe Biden ya mayar da kusan dala miliyan 21, kashi 2.2 cikin ɗari na abin da ya tara ta ActBlue, dandalin 'yan Dimokurat. Gaskiya ne wani ɓangare na kuɗin da ake mayarwa na waɗanda suka zarce iyakar da doka ta sa ne, wadda a lokacin dala 2,800 ce ga ɗan takara a kowane zaɓe. Amma ku tambayi kanku yadda mutum zai zarce iyaka bai sani ba, in ba ana ɗiba a bayan idonsa ba.

A cikin mutanen da jaridar ta zanta da iyalansu har da wani bawan Allah mai fama da ciwon daji, yana kwance a kwanakinsa na ƙarshe, abin da ke shigo masa a wata bai kai dala 1,000 ba. Ya ba da dala 500 sau ɗaya. Cikin ƙasa da kwana 30 aka kwashe masa dala 3,000, kuɗin haya da na wuta suka kasa biyuwa. Mutumin nan masoyin ɗan takarar ne, ba abokin gaba ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a cikin al'amarin gaba ɗaya: tarkon ba ya kama kowa sai wanda ya yarda da kai, ya buɗe jakarsa domin yana ƙaunarka.

Ba na so a karanta wasiƙar nan a matsayin jifan jam'iyya ɗaya. Kwamitocin Dimokurat ma sun yi amfani da akwatin da aka riga aka cike, kuma saƙonnin tsoratarwa da ke shigowa wayoyinmu dare da rana daga ɓangarorin biyu suke. A shekarar 2024 tashar CNN ta kawo labaran tsofaffi masu ciwon mantuwa da suka rabu da abin da suka tara tsawon rayuwarsu ta waɗannan dandaloli, kuma an samu na kowane ɓangare. Ƙididdiga ta nuna wani ɓangare ya fi zurfafawa, ban ɓoye hakan ba. Amma ramin a buɗe yake ga kowa, kuma duk wanda zaɓe ya matse shi zai iya komawa gare shi gobe.

Hukumar Zaɓe ta Tarayya tana da kujerun kwamishina shida, doka ba ta yarda jam'iyya ɗaya ta riƙe fiye da uku ba, shi ya sa ta yi suna wajen rabuwa uku da uku a kan manyan batutuwa. A watan Mayun 2021 waɗannan mutane shida suka haɗa baki, babu ko ɗaya da ya ja da baya, suka ba ku shawarar ku hana wannan dabara. Sun kawo muku ne domin dokar da ke hannunsu ba ta ba su ikon hanawa da kansu ba. A cikin wannan wata na Mayun 2021 Sanata Amy Klobuchar, wadda ke shugabantar kwamitin dokokin Majalisar Dattawa a lokacin, tare da Sanata Dick Durbin suka gabatar da ƙudirin da aka sa wa suna RECUR. Ƙudirin bai zama doka ba. Zaɓen 2022 ya zo ya wuce, na 2024 ma haka.

Na daɗe ina tunanin dalilin wannan jan ƙafa, kuma zan faɗa muku shi ba tare da kwana-kwana ba. A nan ku ne alƙalai, ku ne kuma masu cin moriya. Kowannenku yana da asusun yaƙin neman zaɓe, kowannenku yana da masu ba shi shawara da ke nuna masa a allo yadda kuɗi ke ƙaruwa idan aka bar alamar a cikin akwati. Mutane da yawa ba sa taɓa abin da suka tarar an riga an zaɓa musu, ko don gaggawa, ko don ba su lura ba, ko don sun ɗauka haka ake yi, kuma waɗanda suka tsara shafin sun san da wannan sarai, a kansa suka gina lissafinsu. Kuɗin da aka ɗiba a Oktoba aka mayar a Disamba ya riga ya sayi tallan talabijin a makon da ake buƙatarsa. Bashi ne babu ruwa, an karɓe shi daga hannun mai fansho da direba da ma'aikaciyar jinya ba tare da an tambaye su ba. Na fahimci cewa ɗan takara ɗaya ba zai so ya ajiye makamin ba muddin abokin hamayyarsa na riƙe da nasa. To amfanin doka ke nan, ta sa kowa ya ajiye a rana ɗaya.

Abin da nake nema ba baƙon abu ba ne a wurinku. A shekarar 2010 ku da kanku kuka yi dokar kare masu sayayya ta intanet, wadda ta wajabta wa kamfani ya bayyana sharuɗɗa a fili, ya samu yardar mai saye ƙarara kafin ya fara cirar kuɗi a kai a kai, ya kuma samar da hanya mai sauƙi ta dakatarwa. Mai sayar da mujalla ko manhaja yana ƙarƙashin wannan doka. Ɗan siyasa ba ya ƙarƙashinta, domin gudummawa ba ciniki ba ce. Ke nan mutumin da ke neman a ba shi amanar rubuta dokokin ƙasa an sassauta masa abin da aka tsananta wa ɗan kasuwa. A Tarayyar Turai wata doka da aka amince da ita a 2011 ta hana 'yan kasuwa amfani da akwatin da aka riga aka cike wajen ƙara wa mai saye caji, kuma a 2019 babbar kotun Tarayyar ta yanke cewa irin wannan akwati ba ya zama shaidar yarda. A nan gida jihar Kalifoniya ta yi tata dokar a 2022, ta ce rashin cire alama ba amincewa ba ce. Sai dai dokar jiha iyakarta 'yan takarar jiha da na ƙananan hukumomi. Mai neman shugaban ƙasa ko kujerar da kuke kai, wannan a hannunku yake.

Na ji hujjojin masu adawa, kuma wasu daga ciki sun cancanci amsa. Akwai masu cewa gudummawar siyasa wani nau'i ne na faɗin albarkacin baki, kuma Kotun Ƙoli tun shari'ar Buckley da Valeo a 1976 ta ba kuɗin siyasa kariya a ƙarƙashin gyaran farko na tsarin mulki. Na yarda. Amma bakin wa? Idan kuɗin magana ce, to mai kuɗin ne mai maganar. Kawuna ya yi magana sau ɗaya, ta dala 25. Sauran sau tara wani ne ya ari bakinsa ya ci masa albasa. Dokar da ta ce a tambaye shi tukuna tana kare 'yancin ne, ba ta rage wa kowa ko kalma ɗaya daga abin da yake son faɗa.

Akwai kuma masu cewa gudummawar wata-wata ita ce gatan ɗan takara marar attajirai a bayansa, domin ita ke ba shi damar sanin abin da zai shigo ya tsara aikinsa. Wannan gaskiya ne, kuma ni kaina ina ganin dala goma daga mutum dubu ta fi lafiya ga dimokuraɗiyya a kan cak ɗaya daga hamshaƙi. Shi ya sa ban ce a hana ba. Wanda ya so ya riƙa bayarwa duk wata ya sa alamar da yatsansa, bai fi daƙiƙa ɗaya ba. Abin da ke kashe ƙananan gudummawa shi ne irin abin da ya sami kawuna: mutum ya ƙone sau ɗaya, ya rantse ba zai ƙara ba, ya kuma hana 'ya'yansa da maƙwabtansa. Duk mai son talaka ya ci gaba da sa hannu a siyasa da ɗan abin da yake da shi, shi ya kamata ya fi kowa matsa muku lamba.

Hujjar da ba na iya haɗiyewa ita ce ta masu cewa ai laifin mai bayarwa ne da bai karanta ba. Wanda ya ƙanƙanta rubutu, ya dusashe launinsa, ya binne shi a ƙarƙashin layuka na ihu, ba so yake a karanta ba. An kai matsayin da a 2021 kwamitin yaƙin neman zaɓen 'yan Rifablikan na Majalisar Wakilai ya rubuta a jikin akwatin cewa idan ka cire alamar za a gaya wa Trump ka yi ridda daga tafiyar. Ku ɗauki dattijuwa mai shekara tamanin, ita kaɗai a ɗaki, ido ya yi rauni, tana riƙe da waya tana karanta wannan. Me kuke zaton za ta yi?

Ga abin da nake roƙon dokar ta ƙunsa. Tushenta shi ne akwatin ya zo babu komai a ciki, kuma kada a ɗauki shiru ko rashin taɓawa a matsayin yarda, ko ga cirar wata-wata ko ga wani ƙarin kuɗi da aka ɗaura wa wata rana. A daidai wurin da mutum zai danna, a rubuta masa da haruffa masu girman sauran rubutun nawa za a cire, sau nawa, har zuwa yaushe, ba tare da an cakuɗa da kirari ko barazana ba. Batun "har zuwa yaushe" ina so ku tsaya a kansa, domin an cika mantawa da shi. Wanda ya ba da kuɗi don a ci zaɓen Nuwamba bai ba da izinin a ci gaba da ɗiba a Disamba don biyan bashin kamfe ko wata sabuwar tafiya ba. Ranar zaɓe ta zama ƙarshen izinin, sai idan an koma an sake tambayarsa.

Sannan duk lokacin da aka cire kuɗi a aika masa da rasit ta imel ko saƙon waya, ɗauke da hanyar dakatarwa a danna ɗaya. Da kawuna ya samu irin wannan saƙo a mako na biyu, da magana ta ƙare a dala 50. Yadda shiga ta kasance da sauƙi, fita ma ta kasance haka, ba a ce sai ka buɗe asusu ko ka kira lambar da ba a ɗauka ba. Kuɗin da aka cire ba da yarda ba a mayar da su cikin wa'adin da doka za ta ƙayyade, kuma a mayar da su cif. Binciken 2021 ya nuna WinRed, wanda kamfani ne mai neman riba, yana karɓar kashi 3.8 cikin ɗari da santi 30 a kowace gudummawa a lokacin, kuma yana riƙe wannan la'ada ko da an mayar da kuɗin. Muddin dandali yana samun riba daga cirar da aka yi bisa kuskure, ba shi da dalilin gyara shafinsa. Alhakin ya hau kan dandalin da kwamitin ɗan takarar tare, kada kowanne ya nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda zai tabbatar da dokar. Hukumar Zaɓe ta Tarayya na buƙatar ƙuri'u huɗu kafin ta hukunta kowa, kuma akwai lokutan da kujerunta ke zama babu kowa har ta kasa zaman yanke hukunci. Idan kuka damƙa mata aikin ita kaɗai, zai iya zama doka a takarda kawai. A 2021 manyan lauyoyin jihohin New York, Minnesota, Connecticut da Maryland suka fara bincike a kan wannan dabara. WinRed ya garzaya kotu yana cewa harkar zaɓen tarayya ba huruminsu ba ce, amma a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta bar Antoni Janar na Minnesota, Keith Ellison, ya ci gaba da bincikensa a ƙarƙashin dokar kare masu sayayya ta jiharsa. Ina roƙonku kada dokar da za ku yi ta rufe wannan ƙofa. Ku rubuta ƙarara cewa jihohi na da ikon bin haƙƙin mutanensu, kuma dokar tarayya ita ce mafi ƙarancin abin da ake buƙata, jihar da ta so ta ƙara a kai ta ƙara.

Kafin dokar ta samu, akwai abin da kowannenku zai iya yi yau ba tare da jiran shugaban kwamiti ko ƙuri'ar kowa ba. Ku buɗe shafin tara kuɗinku a waya, kamar yadda magoya bayanku ke buɗe shi, ku gangara ƙasa a hankali ku duba ko akwai alamar da ba mai bayarwa ne ya sa ta ba. In akwai, ku kira wanda ke kula da shafin ku ce ya cire. Sannan ku nemi jerin waɗanda ake cirar kuɗinsu a kai a kai, ku aika musu da saƙo mai layi biyu kuna tambayar ko sun san da hakan kuma ko suna so a ci gaba.

Ni da wasu 'yan uwa mun ɗauki alkawarin zama da iyayenmu kafin kowane zaɓe mu duba takardun bankinsu tare, kuma za mu kira ofisoshinku ɗaya bayan ɗaya mu ji matsayin kowa a kan wannan ƙudiri. Kawuna ya ce in tambaye ku a madadinsa ko a wannan zangon za ku kawo shi zauren majalisa a kaɗa masa ƙuri'a.

Naku cikin girmamawa,
Wani ɗan ƙasa mai jefa ƙuri'a